Makaniken da Ya Raka Ni Gwada

Mahaifiyata ta ƙi dawowa Minna. Ta ce a Gwada ta haife mu, a can za ta ƙarasa tsufanta. Saboda haka duk Asabar ina kan hanya, da maganin hawan jininta da ɗan cefanen da matata take haɗa mata daga Kasuwar Kure. A 'yan shekarun nan kuwa kowa ya san ba a tsayawa a wannan hanya, saboda masu garkuwa da mutane. In ka kama ta, sai ka taka mota kana addu'a har ka ga rufin gidaje.

Don haka ne ma na sayi motar, wata tsohuwar ƙirar Jamus mai babban inji. Gudunta na biya, ba kyanta ba. Sai ga shi ta koyi wani mugun hali: in ta yi zafi na taka totur a hawa, sai ta shaƙe kamar mai tari. Wata rana ta mutu mini murus a wani hawa mai kwana, ciyawa ta fi tsayina hagu da dama. Na yi ta murza makulli gumi na shiga mini ido, sai da ta ga dama ta tashi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Daga nan na shiga yawon gareji. Wannan ya canza filogi. Wancan ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce zafin Minna ne. Wani mai kwamfuta ya ce zai buɗe mata ƙwaƙwalwa ta riƙa tashi sama, na fito daga wurinsa tana baƙin hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Kowannensu sai ya dafa ƙirji ya rantse mini da Allah da 'ya'yansa. Rantsuwa kam na sha ta har ta gundure ni, ga shi dama ni ba gwanin haƙuri ba ne.

Wani direban haya ne ya kwatanta mini wani gareji a Sauka Kahuta, bayan masu walda. Ya ce mai wurin mutumin kudancin Kaduna ne, shi yake saita wa samarin nan masu son gudu motocinsu. Na je a fusace, tun kafin ya yi mini komai.

"Injiniya, ni ba wasan tsere nake yi ba," na ce masa. "Gwada nake zuwa. In ta tsaya, ka san abin da hakan yake nufi."

"Na sani, Oga," in ji shi. "Motan ka yana da karfi, amma hannu ya yi yawa a jikin shi."

Kwanaki ya yi a kanta, ni kuma ina zaune a benci na zuba masa ido, don kada a musanya mini wani abu. Ya canza famfon mai, ya mayar da fankar yadda take, ya sake saita ƙwaƙwalwar injin. Da ya rufe bonet na miƙe, na ce ya rantse mini ba za ta sake mutuwa ba.

"Ba na rantsuwa a kan mota, Oga. Yaushe za ka tafi?"

"Asabar da safe."

"To ka biyo ka dauke ni."

Na ɗauka zance ne kawai. Amma ranar Asabar na same shi a bakin gareji da wankakkiyar riga, akwatin kayan aikinsa a hannu. Ya shiga gaba ya ajiye akwatin tsakanin ƙafafunsa.

Muna barin gari hira ta ƙare. Ya kashe rediyo, ya karkata kai yana sauraron inji. Ni kuma idona ɗaya yana kan titi, ɗaya yana kan allurar zafi. Gidaje suka ragu, motoci suka ragu, sai mu kaɗai da daji. Da muka doshi hawan nan, ƙafata ta fara sassautawa da kanta.

"Kar ka daga kafa," ya ce. "Taka shi."

Na taka. Daidai lokacin wasu babura suka ɓullo daga cikin ciyawa a gabanmu, kowanne da goyo. Na danne totur har ƙasa, ina jiran tarin nan nata, ina salati a fili. Motar ta yi gurnani ta manna mu da kujera, ta haye. Sai a madubi na ga fartanya a kafaɗunsu, ashe manoma ne. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu.

A Gwada mahaifiyata ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kofin silba, ta fara miƙa wa baƙo.

"Sannu da hanya, ɗana."

"Yauwa, Mama."

Ya karɓa da hannu biyu. Hannayen nan da na ga suna ɗaure ƙananan notuna ba gargada, yanzu rawa suke yi, har ruwan ya zube masa a wando. Ya ga na gani.

"Tun da aka fara wannan abu ban taba bin hanyan nan ba," ya ce a hankali. "Na gaya ma matana zan je sayen kaya ne cikin gari."

"To me ya kai ka, Injiniya?"

Ya kurɓi ruwan, ya goge baki da bayan hannu.

"Ni na taba motan, Oga. In zai tsaya a daji, gara ya tsaya ina ciki."