Ranar Da Malam Sagiru Ya Tuƙa Mataccen Batir Zuwa Garki

Malam Sagiru malamin dabbobi ne, shekararsa ashirin da shida yana aikin gwamnati a Dutse. A ruga aka haife shi, arewa da Garki, kuma cikin 'ya'yan mahaifinsa shi kaɗai aka sa a boko. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, amma in ya shiga garke sai ka ga ya durƙusa cikin kashin shanu da farar rigarsa yana duba kofato, yana yi wa saniya magana da Fillanci.

Wata rana wajen allurar rigakafi wani bijimi ya danne shi a jikin turke, ya karya masa cinyar hagu. Wata bakwai ya yi a gida, a unguwar Takur. Motarsa, tsohuwar ja mai canza giya da kanta, tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, ba wanda ya ko murɗa makullinta. Ganye ya cika bayanta, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Ranar wata Talata da hantsi, kwana tara bayan ruwan farko, yayansa Bubayero ya kira shi daga ruga. Ya ce shanu sun shiga wata saura sun ci gyauron dawa, bakwai cikinsu ya kumbura kamar an hura. Malamin dabbobi na Garki kuma ya tafi taro, wayarsa a kashe.

"Hamma, a ɗura musu man gyaɗa," in ji Malam Sagiru. "Kada a bar su su kwanta. Ga ni nan."

Ya ɗauki sandar da yake dogarawa da jakar aikinsa. Matarsa Halimatu Sa'adiya ta bi shi har ƙofar gida da mayafi a hannu.

"Malam, da wannan ƙafar?"

"Da ta dama ake tuƙi."

Ya murɗa makulli. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Allah ya sa maƙwabcinsu Kamilu, direban bas, ya dawo karin kumallo. Ya kawo bas ɗinsa hanci da hanci da motar, ya buɗe gaba. Kawunan batirin duk sun yi farin gari kamar kanwa. Ya kankare da wuƙa, ya jona wayoyi biyu, ja da baƙa, ya taka man bas ɗinsa. Gwaji na farko ta yi ƙas-ƙas ta tsaya. Na biyu ma haka. Sai a na huɗu ta yi tari ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida.

"Baba Likita," in ji Kamilu yana cire wayoyin, "wannan batir ya riga ya mutu, aron rai kawai muka yi masa. Komai za a yi, kada ka kashe ta. Irin wannan motar ba ta tashi da turi."

Halimatu ta yafa mayafinta. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗora jakar aikin a cinyarta.

Suna isa Jahun allurar mai ta kwanta. Ya shiga gidan mai, mai zuba man ya ɗaga hannu.

"Alhaji, sai ka kashe."

"Ɗana, in na kashe ba za ta tashi ba. Dabbobi ne ke mutuwa."

"Wallahi ba zan iya ba, doka ce. In wuta ta tashi fa?"

Malam Sagiru ya dubi mutumin, ya san gaskiya yake faɗa. Ya fitar da motar bakin titi, ya ari jarka aka cika masa. Ya sa Halimatu ta koma nesa, ya jingina da motar a kan ƙafa ɗaya, ya tsiyaya man da kansa, injin yana kaɗawa a jikinsa. Man ya zubo masa a hannun riga. Daga inda take tsaye yana jin tana ta salati.

Bayan sun wuce Gujungu wayarsa ta yi ƙara. Halimatu ta ɗauka, ta saurara, ta sauke.

"Yaya ne. Ya ce ɗaya ta faɗi."

Malam Sagiru ya ƙara taka mai. Can sai wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya fara shigowa daga gaba. Fitilun gaban direba suka riƙa lumshewa suna dawowa. Ya danna ham don wani mai babur, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar kukan ɗan tsako. Hadari kuwa ya haɗo daga gabas, kuma suna barin kwalta bayan Garki ruwa ya sauko. Ya kunna abin share gilashi, ya ji injin ya ja baya, ya yi maza ya kashe. Halimatu ta zura hannu waje tana share masa gilashin da gefen mayafinta, iyakar inda hannunta ya kai.

Saura tafiyar da ba ta fi kilomita uku ba suka zo wani kwari da ruwa ya kwanta. Dole ya rage gudu. Motar ta shiga, ta girgiza sau biyu, ta yi shiru.

Ya murɗa makulli. Babu komai. Ya sake. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Malam, tashi," in ji Halimatu. "Ga amalanke can."

Wani manomi ne, Malam Gwadabe, ruwa ya koro shi daga shuka, yana tafe da shanun huɗarsa biyu. Bai san su ba, amma yana jin sunan Bubayero ya juya akalar. Shi da Halimatu suka ɗora Malam Sagiru a kan buhun iri. Kowane rami amalanken ya faɗa sai ya ji kamar an sake karya ƙafar, duk da haka abin da yake ta cewa shi ne, "Malam, ƙara kora su."

Sun tarar an yanka biyu kafin su yi mushe. Biyar suna tsaye da ƙyar, bakinsu a buɗe, kwiɓinsu na hagu ya tashi kamar ganga. Bubayero yana tsaye cikin ruwa ba hula. Ba su ko gaisa ba. Malam Sagiru ya ce a riƙe shi, maza biyu suka tallafe shi ta hammata. Ya ciro wani ƙarfe mai tsini daga jakar, ya auna da tafin hannu daga ƙashin ƙugu, ya soka. Iska ta fito da ƙara, saniyar ta ja dogon numfashi. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu allura. Ta ƙarshe, wata jar karsana, ta durƙushe kafin ya iso gare ta, aka sa mata wuƙa. Huɗu suka tashi.

Da aka gama, Bubayero ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Ka zo."

"Na makara, Hamma."

"Ka dai zo."

Motar ta kwana uku a kwarin kafin wani mai gyaran wutar mota ya zo daga Garki. Ya ciro batirin ya nuna masa: gefensa ya kumbura, ruwan cikinsa ya ƙafe. Ya ce sa'a ce bai fashe musu a hanya ba. Ƙafar ma ta kumbura, kuma da suka koma Dutse likita ya yi masa faɗa sosai, ya ƙara masa wata biyu a gida.

A cikin watannin nan ne Halimatu Sa'adiya, tana da shekara arba'in da shida, ta ce za ta koyi tuƙi. Ya ce me mutane za su ce, ta ce su ce. A wani fili bayan unguwa ya koya mata, yana zaune a gefe da ƙafarsa a miƙe. Sati biyar ta ɗauka. Ranar da ya koma aiki ita ta kai shi har ƙofar ofis, ta wuce kasuwa.