Almakashin da ke Jikin Ƙofar Kaka

Har yau in na ji ƙamshin man keken ɗinki, zauren gidanmu na Abakpa nake tunawa. Nan kakana na wajen uba yake ɗinki, ƙofa a buɗe rani da damina. Ƙofar katako ce mai nauyi, ba irin ta langa-langar maƙwabta ba. A samanta an sassaƙa wata alama, wani abu mai ƙafa biyu a ware ya hau kan wani mai kusurwa. Mu yara mukan ɗaga juna don mu taɓa ta.

Duk Babbar Sallah in an aike mu da naman layya, akwai gidajen da ake ce mana an gode, a dawo mana da kwano da namansa yadda muka kai shi. Kaka yakan yi murmushi ya ce, "Mutanen unguwar nan akwai kara."

Sai da aka zo rabon gado, bayan rasuwarsa da daɗewa, na san dalili. Baffana ya ce ba zai taɓa rabonsa ba. Wai alamar ta Firimason ce, ƙungiyar asirin Turawa, kuma tun da can ana raɗe-raɗin su suka ba Kaka gidan. Ya ce a sayar da gidan a sadakar da kuɗin. Gwaggona kuwa, babbar 'yar Kaka, a ciki take zaune, ba ta da inda za ta koma.

Na shiga bincike. Na sha zaman benci a ofishin filaye, na bi dattawan unguwa har Kurmin Mashi. Fili dai mai unguwa ne ya yanka wa Kaka, babu hannun Bature. Amma alamar, Baffa bai yi ƙarya ba, ta ƙungiyar ce.

Gwaggo da ya kamata in fara tambaya, ita na tambaya a ƙarshe.

"Au, almakashin Baba?" in ji ta. "A gwanjo ya sayo ƙofar, lokacin da ake rushe wani ginin Turawa. Ya tsallake ƙofofi masu araha ya ɗauki wannan. Ya ce ga almakashi ga ma'auni, Allah ya ajiye wa tela kayansa."

Na yi dariya, sannan raina ya ɓaci. Baffa da ya ji, sai ya ce Allah ya jiƙan Baba. Ba a sake tayar da maganar sayarwa ba.

Yaran yanzu da waya za su gano ma'anar alamar kafin a ɗaura alwala, su yaɗa. Mutanen da kuwa shiru suka yi, babu wanda ya tako zauren ya tambayi tsohon. Ƙofar tana nan, Gwaggo na shafa mata mai. Kaka ya rasu yana yabon karar maƙwabtansa, bai taɓa sanin ƙyamar namansa suke yi ba.