Kelepi mai fassarar majigi

A garin Neiafu na ƙasar Tonga, duk wanda ya yi furfura ya san muryar Kelepi. Zamanin da ake haska majigi a rumbun ajiyar kwakwa, shi ke tsayawa gefen farin ƙyallen, da 'yar tabarmarsa ta ado ɗaure a ƙugu irin ta al'adarsu, yana juya wa jama'a maganar Turawa zuwa harshen Tonga. Turancin nasa kuwa bai taka kara ya karya ba. Shirya abinsa yake yi. A bakinsa, Baturen da ya zaro bindiga kan doki faɗan alade yake yi da maƙwabcinsa, mai kuka kuma doyarta aka sace. Mutane su yi ta dariya har da hawaye.

"Kai dai maƙaryaci ne," in ji matarsa Lesieli.

"To, da ƙaryar kika ganni kika ce kina so."

Bidiyo ya shigo gari, rumbun ya koma wa kwakwarsa, 'ya'yansu suka tafi birnin Auckland, can ƙetaren teku, neman aiki. Ba rashin sana'ar ya dame shi ba, rashin masu sauraro ne. Ya yi kewar dariyar nan ƙwarai.

Bana matasan gari suka shirya fim da harshensu, suka sa waƙoƙin tsofaffi a ciki. Kelepi ya ɗauro tsohuwar tabarmarsa ya tafi zauren coci, ya nufi gefen ƙyallen kamar da.

"Baba, yau ka huta," in ji mai haska fim ɗin. "Kowa na ji."

Ya dawo ya zauna jiki a sanyaye kusa da jikarsa Lupe, wadda ta zo hutu daga Auckland. Sai ga wata tsohuwa a fim ta ɗauko waƙar masu jiran jirgin ruwa, irin wadda mahaifiyar Kelepi ke yi tana dukan ɓawon itacen da ake yin tufa da shi. Lupe ta taɓa shi, ta tambaya da Turanci, ɗan abin da ko shi ya gane:

"Kaka, me take cewa?"

Ga mai sauraro ya samu, ga waƙa ya san kowace kalmarta, amma ba shi da Turancin faɗa mata. Wannan kuwa ba ta ƙarya ba ce. Ya sunkuyo wajen kunnenta ya maimaita baitin yadda yake, a hankali, har ita ma ta maimaita shi a karkace. Bai gyara mata ba, ya ba ta na gaba.