Kifayen Ankul

Lokacin kullen korona muna zaune a unguwar Setapak, can ƙasar waje, maigidana yana karatun digiri na uku ta kwamfuta, ni ina fama da gida. Maƙwabcinmu wani dattijon Basine ne, tsohon direban bas, shi kaɗai yake zaune. Ankul kowa ke ce masa.

Ranar da gwaji ya nuna ya kamu, ya kira maigidana a waya kafin motar asibiti ta iso, wai zai bar mana amana a bakin ƙofa. Maigidana ya ce "boleh", wato "ba damuwa" da yaren garin, tun bai ji ko mece ce ba.

Muka tarar da akwatin gilashi, da bokiti a gefe. A cikin bokitin wasu kifaye ne baƙaƙe, sirara kamar wuƙar yanka albasa, kowanne da dogon baki irin na buta. Ba su da kyau ko kaɗan. Gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsu, in ɗaya ya ga dama sai ya yi ribas kamar mota. Abincinsu jajayen tsutsotsi ne daskararru. Na ajiye tsutsotsin a firiza kusa da naman miya.

Surukata ta gan su muna hirar bidiyo. Ta daɗe tana dubawa.

"Waɗannan sai dai a busar," ta ce. "Ba su da tsoka."

"Hajiya, ba na ci ba ne, na kallo ne."

"To, ku kalla."

Muka kalla kuwa, tunda ba inda za mu. Su kuma wuni suke cikin wani guntun bututu da ke cikin akwatin, baki kawai a waje.

Da tsutsa ta ƙare, shagon kifi kuma a rufe, hankalina ya tashi, don kullum da ciwon mutumin nake kwana a rai. Na daka ɗanyen jatan lande na zuba musu da bismilla. Suka cinye.

Ankul ya dawo a rame, yana dogara sanda. Ya tsaya daga ƙofa da takunkuminsa yana leƙen akwatin.

"Sun yi ƙiba," ya ce da Turanci. "Me kike ba su?"

Na gaya masa.

Can ya ce shekara da shekaru yana ba su jatan lande suna ƙi. Sai da ya zauna a kan matakalar bene ya huta, sannan ya ce da maigidana ya ɗauko bokitin a kwashe masa kifayensa.