Shekarar da Na Koyi Sinanci a Bas

A shekarata ta shida a Riyad, kamfanin ginin da nake tuƙa wa motar kaya ya koma hannun 'yan Sin. Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa da zarar aikin unguwar Ulaya ya ƙare za a rage ma'aikata. Wanda aka rage ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama, sai gida. Ni kuwa ban shirya komawa ba, ko kusa.

Na yi tunani, direbobi sun fi a ƙirga, amma babu Bahaushe ɗaya da ke jin yaren sababbin iyayen gidan. Sai na sayi littafin koyon Sinanci. Don Turawa aka rubuta shi, saboda haka kowace kalma sai ta bi ta Turanci kafin ta iso Hausa, tana isowa a gajiye kamar ni. A bas ɗin ma'aikata nake karatun, daga masaukinmu a Utaiƙa zuwa Ulaya, ana gyangyaɗi ina motsa baki.

Abin da ya fi ba ni haushi ƙirgarsu. Ba ka cewa takarda uku ka wuce, sai ka saka wata kalma a tsakiya gwargwadon siffar abin. Mai faɗi da tasa, dogo da tasa. Kifi da wando da hanya da kogi duk kalma ɗaya suke ci, wai don duk dogaye ne. In kuma abu ba yabo ba fallasa, sai su ce doki-doki damisa-damisa. Wallahi akwai ranar da na rufe littafin na ce mutanen nan da gangan suke yi.

Ɗaki ɗaya muke da wani dattijon kafinta ɗan garinmu, Baba muke ce masa. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, shi ya nema mini aikin. Kullum sai ya tsokane ni.

"Kai da Larabcinka bai wuce yalla da halas ba, za ka ɗauko na Sin? Allah ya ba da sa'a, ɗana."

Wata takwas ina fama. Na fara gaishe da 'yan Sin ɗin, na fara gane in sun ce a kawo siminti ko rodi. Wata rana da hantsi manaja ya kira ni ofis. A hankali ya yi magana don in gane: za su riƙe ni, in riƙa yi musu tafinta da 'yan ƙasarmu. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Sai ya miƙo takarda, ya ce aikina na farko in karanta wa mutanena sunayen waɗanda za su tafi. Na Baba ne na uku.

Na buɗe baki in roƙa. Littafin ya koya mini neman shayi da tambayar tashar jirgi, bai koya mini roƙo ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Shi mutumin kirki." Manaja ya gyaɗa kai ya ce ba yadda za a yi. Wannan kam na gane sarai.

A inuwar kwantena suka taru. Na tsaya da takarda, na kasa farawa.

Baba ya ce, "Karanta mana, rana na yi."

Na karanta. Da na zo kan sunansa ban ɗaga kai ba. Bayan an watse ya matso kusa da ni.

"Kai fa?"

Na ce, "Sun bar ni, Baba."

Ya ce, "Alhamdulillahi. Ka riƙe aikinka da kyau." Ya ɗauki gudumarsa ya koma kan katakon da bai gama bugawa ba, don ba a tashi aiki ba tukuna.