Gwangwanin Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce mai dubulan a unguwarmu a Daura. Garar da ba hannunta a ciki, an dai kai ta ne kawai. Awonta bai taɓa canjawa ba: fulawa da mudu, mai da sukari kuwa da wani gwangwanin madara da ya yi baƙi don tsufa.

Ni na jefar da shi. Na zo hutu, tsabta ta motsa mini, na sayo sabo, na shanye madarar, na wanke mata gwangwanin. Har albarka ta sa mini.

Dubulan ɗin da ya biyo baya na wani biki ne a Mai'adua. Ya fito da tauri, ba zaƙi, har aka ce wani dattijo ya bar haƙorinsa a ciki. Na gaba ma haka. Gwaggo ta zauna tana juya tafin hannunta, ta ce, "'Yar nan, hannun ya tsufa. Na bar sana'a." Tausayinta ya kama ni ƙwarai, ban san ni ce sila ba.

Ranar da take rabar da kayan aikinta, maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa ta ƙyalla ido a kan sabon gwangwanin. Ta ce, "Don Allah mu yi musaya, nawa na da ne, cinye mini riba yake yi."

Gwaggo ta cika sabon da sukari, ta juye a tsohon na maƙwabciyar. Saura yatsa biyu ya cika. Ta figi mayafi sai shagon da na sayo madarar, ina biye.

Mai shago ya ce, "Hajiya, ba ni ba ne. Ƙarfen gwangwani ya yi tsada, man injin ya yi tsada, ga kuɗin mota. In kamfani ya ƙara kuɗi guduwa za ku yi, shi ne ya rage."

"Ya rage bai faɗa ba? Na yi wata ina zargin hannuna! Ba tsoron Allah."

Aka yi musaya, dubulan ya dawo daidai. Sai sukari ya tashi. Da na koma da sallah, na tarar dubulan ɗin da ke cika tafin hannu ya koma loma biyu, kuɗin kuwa yana nan.

Na ce, "Gwaggo, kin faɗa musu kin rage?"

Ba ta ko ɗago daga kan kasko ba. Ta ce, "Hannun ne ya tsufa, 'yar nan."