Teburin Gidan Darcy

Noelene Pascoe ta gaji garejin gyaran injinan noma daga mahaifinta, a wani ƙaramin gari na manoman alkama a yammacin Ostiraliya. Samarin garin duk sun tafi haƙar ma'adinai. Da tsohon makanikenta Kev ya ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, ta yi ta cigiya, ba wanda ya leƙo. Sai ta ɗauko Rodel Macaraeg daga Filifin, ta tsaya masa ya samu biza da sunan garejinta. Idan garejin ya rufe, zamansa a ƙasar ya shiga rawa, ga 'ya'yansa sun fara makaranta.

Ana tsakiyar girbi injin yankan alkamar Darcy Holt ya lalace. Gonarsa ce mafi girma, kuma inda ya kai injinsa nan sauran manoma ke kai nasu.

"Noelene, turo min Kev," in ji shi daga bakin ƙofa.

"Kev yana gida yana jinyar gwiwa. Rodel zai je."

"Wannan baƙon? Ya taɓa ganin alkama kuwa?"

"Kai da ka tsufa a cikinta, gyara abinka mana."

Darcy ya ce zai kira makanikan birni. Ta ce ga waya nan. Bayan fitarsa ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Ta san in ya tafi, rabin garin zai bi shi.

Na birni suka ce sai mako mai zuwa. Hadari kuwa ya fara haɗuwa, alkama tana tsaye a gona. Darcy ya dawo, hula a hannu.

"To, ya zo. Amma ki biyo shi ki sa masa ido."

"Ban taɓa bin Kev ba, ba zan bi wannan ba. Kuma saurara, tsoho. Tun zamanin babana, makaniken da ya je gona lokacin girbi a teburin masu gida yake cin abincin rana. Kada in ji an miƙa masa abinci a takarda a gindin inji."

"Yanzu har kicin ɗina za ki mulka?"

"Hadarin ba jiranka yake ba."

Rodel ya tafi shi kaɗai. Da yamma ya dawo, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Noelene ba ta tambayi injin ba, don tun daga nesa ana hango ƙurarsa yana yanka.

"A ina ka ci abinci?"

"A teburinsu, uwar ɗaki. Gasasshen naman tunkiya da dankali." Ya ajiye akwatin kayan aikinsa. "Amma ko ƙwayar shinkafar da muka saba ci a gida babu."

"Wannan kuma sai haƙuri," in ji ta. "Wanke hannu, masu gonar Brennan ma sun kira. Da sunanka suka tambaya."